Dare Ɗari na Waisake

Tun ranar da aka binne Waisake, matarsa Kelera ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Ba taurin zuciya ba ne, don shekara ashirin da shida suka yi tare ba wanda ya taɓa jin kansu. Abin ne kawai ya ƙi zuwa. Ta ci abinci ba ta jin gishiri, ta je coci ta buɗe baki tare da masu waƙa, ta dawo ta kwanta. Matan unguwa sun yi gulmarta har sun gaji.

Abu ɗaya take riƙe da shi, ƙirgen darare. Waisake ne babba a danginsu, don haka da ya rasu dattawa suka sa tabu, wato haramcin su, a ramin kifin da ke bayan Dutsen Kunkuru, inda ya fi zuwa su. Aka kafa gora a cikin teku, aka ɗaura mata ganyen kwakwa, Kelera kuma ta yagi bakin shuɗiyar rigarsa ta ƙulla a kai. Har dare ɗari ba mai jefa ƙugiya ko koma a wurin. Idan sun cika sai a ja koma sau ɗaya, a dafa wa duk wanda ya zo, kuma da yawan kifin ranar za a riƙa tuna mamacin. Waisake bai bar ɗa ba, bai bar gidan bulo ba. Kifin nan ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya.

Garin Nakoroa kuwa bai tsaya jiran makokin kowa ba. Tun da kwalta ta iso, shaguna suka yi ta tsirowa kamar ciyawa bayan ruwan fari. Rumfar tsoho Ram Dayal, inda ake sayen kananzir da ƙugiya, ta koma shagon tabarau da kayan ninkaya. Gidajen shan kofi uku a layi ɗaya, kai ka ce mutanen garin sun daina barci. A ƙarshen layin, daf da ruwa, wata Baturiya daga Ostireliya, Madam Sheree, ta buɗe gidan abinci, kuma a bayansa Kelera ta samu aikin kankare kifi. Aikin ya yi mata daidai, don ba ya bukatar tunani.

Mai girkin gidan, Vasemaca, 'yar ƙanwar babanta ce, bakinta ba ya hutawa.

"Ke 'yar'uwa, kin ga abin da suke ci? Rogo! Rogon da muke jefa wa alade, an yanka shi siri-siri an sa masa sunan Turanci, dala goma sha biyu. Tabɗi! Da kakata na raye da ta mutu don dariya."

"Hmm," in ji Kelera, wuƙarta na ta aiki.

"Hmm ɗin me? Mutum ya yi ta zuba ke kina nan kamar turmi."

Kullum da safe Peniasi, ƙanin Waisake, yake kawo kifi a cikin kula. Kwanan nan kifinsa ya sauya, manya-manya, masu kitse, wasu sai da hannu biyu ake ɗaga su. Madam har hoto take musu.

"Matar yaya, an tashi lafiya?" ya ce yana sauke kula, idonsa na kan ƙasa. "Ki wasa wuƙarki, yau ma teku ta yi mana kara."

Kelera ta ɗauki na farko ta kwantar a kan katako. Ta san irin kifin, mai jan ɗigo-ɗigo a gefe, wanda Waisake yake so a dafa masa da madarar kwakwa. Wani abu ya gifta a ranta, ya wuce, ba ta bi shi ba. Ta kankare, ta farke ciki, ta wanke, ta ɗauki na gaba. Haka ta yi mako uku.

Ranar da ta ƙirga dare tamanin da ɗaya, jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya, gidan ya cika maƙil. Mai kai abinci ɗaya ba ta zo ba. Vasemaca ta danƙa wa Kelera tire.

"Maza, teburin kusa da taga. Ki ɗan saki fuskar nan, ba jana'iza suka zo ba."

Kelera ba ta taɓa shiga ɗakin cin abincin ba sai ranar. Ta ajiye farantan, ta juya za ta fita, sai ta tsaya. A bango, tsakanin wani tsohon filafili da koma da aka rataye don ado, ga gora a gicciye, an haska ta da ƙaramar fitila. Ganyen kwakwar ya bushe. Shuɗin ƙyallen na nan, da irin ƙullin da take yi, mai kunne biyu.

Madam Sheree ta matso tana murmushi, ita har ga Allah ba ta san komai ba.

"Ta yi kyau, ko? A cikin ruwa na gan ta ran da muka fita yawo. Na tambayi Peniasi, ya ce ba ta kowa ba ce. Washegari sai ga shi da ita, ko sisi bai karɓa ba!"

"Yaushe?"

"Ai an yi mako uku. Lafiya, Kelera?"

Kelera ta dubi tebura. Ko'ina kifi ne mai jan ɗigo, an soya, an gasa, baƙi na tsame ƙaya suna lasar yatsa. Ta dubi hannayenta, ɓawon kifi ya manne har gwiwar hannu. Ita ce ta kankare su, ɗaya bayan ɗaya, da wannan hannun. Ta jira ta ji fushi, bai zo ba. Ta ja kujera ta taka, ta sauke gorar, ta fita ta ƙofar gaba.

Ta bi layin da rana tsaka, gora a kafaɗa. Ta wuce masu shan kofi, ta wuce shagon tabarau, wani baƙo ma ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto. Ruwan teku ya janye, don haka a ƙafa ta ratsa yashi da duwatsu har bayan Dutsen Kunkuru. Ta leƙa ramin. Ruwan garau, kana ganin ƙasa. Sai 'yan ƙananan kifaye da ba su kai yatsa ba.

Ta ji fantsamar ƙafa a bayanta. Peniasi ne, yana haki.

"Matar yaya, tsaya ki ji. Na rantse ban taɓa jefa ƙugiya inda gora take ba."

"Shi ya sa ka fara cire ta."

"Haba! Yaya ya tafi, mu da muka rage yashi za mu ci? Ki dubi garin nan, kowa yana kwasar rabonsa, mu kuma mu zauna gadin ruwa? Dare goma sha tara ya rage. In ranar ta zo ni zan sayo kifi a kasuwa, a cika tukwane, wa zai sani?"

"Kifin kasuwa," in ji Kelera. "Wa zai ce na Waisake ne?"

Ta laluba da ƙafa har ta samu tsagin dutsen da aka kafa gorar da farko, ta cusa ta. Ta saki, gorar ta karkace. Ta sake kamawa.

"Ba goma sha tara ba ne," ta ce. "Ɗari ne. Yau na farko."

"Ke! Dangi ba za su yarda ba. An riga an aika wa mutanen tsibirai, an sa rana."

"To su zo su cire ta. A hannuna za su same ta."

Peniasi ya juya ya nufi gaɓa.

Ruwa ya fara dawowa, ya rufe mata idon sawu, ya hau ƙwauri. Gorar ba za ta tsaya ita kaɗai ba, sai an tara mata duwatsu, kuma ba mai miƙo mata. Iska ta kaɗa ƙyallen ya taɓa mata kunci. Ta shinshina shi ko za ta ji warin gumin Waisake, sai ta ji ƙaurin man suya na gidan abinci.

Nan ne ƙirjinta ya buɗe. Wani kuka ya fito mata, mummuna, mai ƙara, har masu kofi suka miƙe suna hange. Ta yi ta kiran sunansa tana ba shi haƙuri, hannunta biyu a kan gorar, ruwa kuma ya kai mata gwiwa.