Koriyar Riga Mai Lamba Sha Huɗu

Kakanmu Wilf ya manta sunana tun bara. Ni nake dafa masa shayi, ni nake aske masa gemu, amma "yarinyar nan" yake ce mini. Yayana Dale ma in ya shigo da kayan gida, sai Kaka ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Amma ranar Asabar, in na tura shi a keken marasa lafiya zuwa filin ƙwallon garinmu, Dale ya fito cikin koriyar riga mai lamba sha huɗu, sai tsohon ya gyara zama.

"Ga jikana can! Kai Dale, malalacin banza, yi gudu mana!"

Daga nan har a tashi wasa hankalinsa na tare da mu. Wani lokaci ma yakan juyo ya ce, "Shauna, miƙo mini shayin nan."

A ƙarshen watan Yuni Dale ya zo da soyayyen kifi da dankali, ya ajiye a kicin bai taɓa ba.

"Sun sayar da ni," ya ce. "Can kudu. Tafiyar yini guda a mota."

"Yaya, me ka yi musu?"

"Ba abin da na yi. Kulob ya kashe kuɗi fiye da yadda doka ta yarda. In ba su cike giɓin ba kafin wata ya mutu, hukuma za ta zabtare mana maki."

"To su sayar da dogon nan da suka kawo bara mana, wanda ko raga a buɗe ba ya ci."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shi sayen sa aka yi da tsada, asara za su yi. Ni kuwa tun ina yaro nake hannunsu, ba wanda ya biya ko sisi a kaina. Duk abin da aka bayar riba ce zalla. 'Yan gida ake fara sayarwa, ƙanwata."

"Ka ce ba za ka ba."

"Na faɗa. Suka ce to, in an zabtare makin, gari zai san saboda wa."

"Kaka fa?"

Ya kalli ƙofar falo, inda tsohon yake gyangyaɗi.

Washegari na je ofishin kulob da niyyar in yi musu bayanin Kaka. Mai gadi ya ce, "Me za a yi miki, 'yammata?" Sai kawai na ce shago nake nema, na juya gida.

Da aka koma wasa a watan Agusta, na so in bar Kaka a gida. Amma tun safe ya ɗaura koren gyalensa yana jira a bakin ƙofa. Na tura shi muka tafi.

'Yan wasa suka fito. Sun ba wani baƙon yaro lamba sha huɗu, siriri, ko kama da Dale bai yi ba.

"Ga jikana can!" in ji Kaka. "Dale! Yau ka ci abinci kuwa?"

Mista Ogden, mahaucin da ke zama kusa da mu shekara da shekaru, ya sunkuyo. "Haba Wilf, idon ma ya tafi? Ai wancan..."

"Don Allah, Mista Ogden," na ce. "Ka bar shi."

Ya dube ni, ya dubi Kaka, sai ya juya wajen fili ya ɗaga murya. "Yi gudu mana, Dale!"

Ranar Lahadi Dale ya iso, ya gaji da tuƙi. Ya durƙusa gaban kujerar Kaka, ya riƙe hannunsa.

"Kaka, ni ne."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Au, mai famfo. Ka ga wasan jikana jiya kuwa? Ba ya barin garin nan, shi. Namu ne."

Ina tsaye da butar shayi, na rasa inda zan ajiye ta.

"Na gani," in ji Dale. "Ya yi ƙoƙari."