Almakashin Yadi a Kan Takardun Auta

Mama tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun wata riga sai ga Auta ta shigo shago, sallamar ma a ciki-ciki. Ta jefa jaka kan tarin yadi ta zauna.

"Ɗauke jakar nan daga kan kayan mutane," in ji Mama, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa ya mutu?"

"Ni," in ji Auta. Ta miƙo takardu huɗu.

Wata biyu ke nan da yarinyar ta shiga kwalejin koyon aikin jinya, wannan ne kuma rubutun farko da aka ba su su yi a gida. Mama aji huɗu ta yi a firamare, amma ta san sifiri in ta gan shi. Ga shi nan ƙato da jan biro, kamar bakin tukunya. Ta juya takardun. Rubutu tsaf, babu gogewa ko ɗaya.

"Malamin nan yana gani kuwa? Rubutu kamar na inji!"

"Ya ce ba nawa ba ne, Mama. Wai littafi na kwafe. Ya ba ni zuwa Litinin in kawo wanda ya fito daga kaina, in ba haka ba in maimaita darasin baɗi. Ni kam na haƙura. Ki share mini ɗaya keken kawai in zauna."

Mama ta tsayar da ƙafa. Maganar ta soke ta, don ta san inda aka faro. Ita ce tun Auta tana aji ɗaya take yage duk shafin da ta ga an soke kalma, ta ce a sake kwafowa daga littafi, da kyau. A wurinta karatu ke nan. Ta yi istigfari a zuci, ta ja kujera.

"Me aka tambaye ki?"

Auta ta fara zubo Turanci.

"Da bakin da kike yi mini gardama za ki faɗa."

"Wai me ya sa marasa lafiya ke daina shan magani kafin ya ƙare."

"Shi ke nan? To, me ya sa?"

Auta ta kai hannu kan littafi. Mama ta riga ta, ta ɗora dutsen guga a kai. Can idon yarinyar ya faɗa kan gwangwanin maɓallai, inda rabin katin ƙwayoyi ke kwance tun bara.

"Ke ma ai kin daina naki. Kwana bakwai aka ce, kika yi uku."

"Sauƙi na ji, uwar iyayi."

"To ai dalili ne wannan."

"Rubuta."

"A ina? Ban zo da takarda mai kyau ba."

Mama ta jawo takardar da take gwada yankan riga a kai, duk alli da ramukan fil. "Kin taɓa ganin na fara yanka a kan yadin mutane? A nan ake ɓatawa. Soke abin da kika ga dama, ba mai yage miki."

Auta ta kalle ta, ta ga da gaske take.

Kafin la'asar sun samu dalili uku. Baban Auta direba ne, shi mantawa yake yi a hanya. Wata mata da ta zo awo ta ce ita jiri ƙwayoyin ke sa ta, ta zauna ta ba da labari har da na surukarta. Auta tana ta rubutu, tana sokewa, hannunta duk tawada.

Ranar Asabar Mama ta ce ta karanta mata da ƙarfi, tana fassarawa, ita kuma tana ɗinki. Ba a yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kin fara da jiri, kin tafi wurin babanki, kin dawo jiri. Kin ɗora aljihu a wuya ke nan."

"Sai na sake duka?"

Mama ta buɗe aljihun teburi ta ɗauko almakashin yadi. Auta ta zaro ido. Almakashin nan ba ya taɓa takarda, yayan Auta ya taɓa yanka kwali da shi, har yau in ya tuna sai ya shafa kunne. Mama ta yi bisimilla ta datsa rubutun gida bakwai, ta baje a teburi, ta miƙa mata fil.

"Wanne ne wuya? Sa shi sama. Masu kama da juna su zauna tare. Wanda bai da wurin zama, ƙyalle ne, zubar."

Biyu suka tafi kwandon shara. Auta ta riƙe ɗaya tana jujjuyawa.

"Wannan daga littafi yake, amma ina son shi."

"In na ari zare wurin maƙwabciya, cewa nake nawa ne? Faɗi mai shi."

"Malam ma ya ce a sa sunan marubucin da shafi."

"Ashe yana da hankali."

Sai ranar Lahadi Mama ta yarda aka ɗauko takarda mai kyau. Litinin Auta ta kai, Mama ta bi ta da addu'a har bakin titi, ta dawo kan keke.

Bayan mako guda takardar ta dawo. Goma sha uku cikin ashirin, jan biro ko'ina. A ƙasa malamin ya rubuta layi ɗaya, Auta ta fassara: wannan naki ne, ki gyara inda na nuna.

"Alhamdu lillahi," in ji Mama. "Sauran maki bakwai ɗin fa, ina suka tafi?"

"Mama!"

"Na gaba yaushe ne?"

"Alhamis ta sama."

Mama ta laluba jaka ta fito da ɗan ƙaramin almakashi mai jan hannu, sabo, ta aje mata a cinya.

"Riƙe naki. Nawa sai da na kai wa mai washi. Ki kuma ɗauke jakar nan daga kan kayan mutane."