Kujerun Kawu da Teburan Auta

Shagon na Kawu ne, dabarar ta Auta ce. Ita ta karanci ƙawata ɗakuna, ita kuma ta lallashe shi su mayar da tsohon shagon ɗinkinsa wurin shan gahawa. Tun farko sun yi magana baki da baki: zai kawo tsoffin kaya biyu ko uku don a ji ƙamshin da, sauran kuwa ya bar mata.

Ta sa aka shafe bango da farin fenti, aka rataya fitilu masu dogayen wayoyi, aka jera siraran tebura masu ƙafafun ƙarfe da kujerunsu na ƙarfe. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, ranta fes.

Washegari ta tarar da agogon bango mai kusan tsayin mutum a jikin farin fentin, an buga masa ƙusa har siminti ya ɓantare.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Na kakanki ne. Ba ya aiki, amma dubi katakon."

Bayan agogo sai madubi mai bakin tagulla. Bayan madubi sai keken ɗinki, wai a ɗora sukari a kai. Kullum ta zo sai ta ga an matsar da abin da ta ajiye, Kawu na zaune yana murmushi kamar wanda ya yi mata gwaninta.

Ranar da kujerun Kawu suka iso ne tura ta kai bango. Manya ne na katako, masu hannu, mazauninsu ya lotsa don tsufa.

"Kawu, don girman Allah, ina kujeruna na ƙarfe?"

"Na mayar. 'Yar nan, wa zai zauna kan waɗancan? Kamar a asibiti."

Auta ta ja ɗaya gaban tebur ta faɗa ciki don ta nuna masa. Teburin ya zo mata daidai haɓa.

"To ka gani? Da hanci za a sha gahawar?"

Kawu ya zagaya ta, ya duba sama ya duba ƙasa. "Teburin ne ya yi tsawo."

Ta fita waje ta kira mahaifiyarta a waya. Uwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yayana ne, na riga ki saninsa. A kan kujerun nan ya zauna da matarsa har ta rasu. Ba zai fitar da su ba."

Auta ta daɗe tsaye jikin ƙofa. Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Ta koma ciki ta ce a kira mai walda.

Tana kallo aka rage wa teburanta ƙafafu, ƙarar injin na shiga mata har cikin haƙori. Ta ba da sharaɗi ɗaya: a sake wa kujerun yadi, launin toka, wanda ita za ta zaɓa. Kawu ya yi gunaguni ya yarda.

Ranar buɗewa wata mata ta nutse cikin kujera da kofinta, ta dubi fitilun, ta ce, "Kai, wurin nan ya tsaru. Wa ya tsara?"

Auta ta buɗe baki.

"Ai ba ƙaramar wahala na sha ba," in ji Kawu. "Yarinyar ma ta ɗan taimaka."

Auta ta ajiye butar gahawa a hankali, ta shige bayan kantar shagon, ta hau wanke kofunan da babu abin da ya same su.