Saura Kashi Biyu

"Tsaya, Munawara, mai da shi baya. Me ya ce wa uwar?"

Na mai da hoton baya, na karanta Turancin da ke ƙasa. "Ya ce aiki ya yi masa yawa, bana ba zai samu zuwa ba."

"Ƙarya yake," in ji Mma Atikatu. "Dubi yadda yake kallon ƙasa."

Maƙwabciyata ce a Salaga, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin tana sayar da doya a kasuwa, kafin ɓarin jikinta ya shanye. Ɗanta Faruq yana Kumasi. Tun da suka yi faɗa kan gidan mahaifinsa bai sake takowa ba, sai talabijin da ya aiko a mota. Kullum bayan azahar nakan rufe keken ɗinkina in shigo, in kunna mata fim ɗin Koriya, ina fassarawa. Ba wanda take ƙyalewa a cikin 'yan fim ɗin. Likitan ya cika tsayuwa cikin ruwan sama ba dalili, budurwar kuma ba ta iya kuka ba. Abu ɗaya ta yaba, suna cire takalmi a bakin ƙofa. "Waɗannan an yi musu tarbiyya."

Ranar Talata muka gama kashi na sha huɗu. Kokon da na dama mata ya huce a kofi, ba ta taɓa ba.

"Saura nawa?"

"Biyu, Mma."

"Ke kin ga ƙarshen, ko? Yaron ya koma wurin uwarsa?"

Bai koma ba. Na ce, "Ya koma."

"Ke ma kina kallon ƙasa," in ji ta. "Kira mini Faruq."

Na kira, na kara mata wayar a kunne. Abin da ta ce kawai, "Ni ce. Ka zo." Ya ce zai biyo ta Yeji, ya tsallako tafki da jirgin safe.

Washegari ya bugo, jirgin ya tashi ya bar shi, sai na rana. Ban faɗa mata ba. Ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, da hantsi, na ji ƙafar ta yi nauyi a hannuna. Na kira sunanta sau biyu. Na rufe kwalbar man, na ja mata zane, na fita na gaya wa matar liman. Hawaye bai zo mini ba.

"Ku jira ni, Anti," in ji Faruq a waya. Ina jin ƙarar inji a bayansa. "Ga ni a kan ruwa."

Liman ya jira har la'asar. Rana ta yi zafi ƙwarai. Maza suka ɗauke ta.

Gab da magariba babur ya ajiye Faruq daga Makango, inda jirgin yake tsayawa, wandonsa duk laka. Ya tsaya a tsakar gida, mata suna ta yi masa gaisuwa, yana amsawa da ka. A hannunsa akwai baƙar leda.

"Busasshen kifi ne," ya ce mini. "Na saya mata a bakin ruwa."

Na miƙa hannu in karɓa, bai saki ba. Ya zauna a kan turmin da aka kifa a gindin katanga, ya ɗora ledar a cinyarsa.