Waƙar Juwana

Ɗanbaba ba shi da murya. Duk 'yan dakon bakin tashar jiragen ruwa sun shaida haka, kuma a gabansa suke faɗa. Amma waƙar da ta cika birnin Salvador a shekarar nan daga bakinsa ta fito.

Asalinta waƙar niƙa ce ta mahaifiyarsa. Shi da ƙanwarsa Uwani jirgin bayi ɗaya ya kawo su suna yara, a bakin ruwa aka raba su, kowa da ubangidansa. Ya girma, ya fanshi kansa, har furfura ta fito bai ji ɗuriyarta ba. Sai ya ɗora sunanta a kan tsohon karin, da fatan waƙa ta shiga inda ƙafarsa ba ta kai ba.

Yahaya, abokin dakonsa, shi ya fara sa mata hannu. Suna hawan tudun da ake kira Ladeira da Praça, ɗauke da gangar sukari rataye a sanda, ya ce, "Ɗanbaba, wannan jan naka sai ya karya mana ƙugu. Datse ta, ta bi taku." Aka datse. Ɗanbaba ya ce "Uwani, ina kike?" sauran su amsa "Muna tafe!" ƙafa na sauka tare.

Bentu ya ji. Wanzami ne Bayarabe, mai ƙungiyar makaɗa da ake ɗauka haya ranar biki. Ya ƙara mata ganga da ƙaho, shi ke nan waƙa ta kama gari. Har gidajen Turawan unguwar Vitória aka riƙa kiransu. Bentu ya yi sabuwar kwat, kuma a yi masa adalci, bai hana 'yan dakon rabonsu ba.

Sai dai harshen mutanen garin bai iya Uwani ba. Kafin a ankara ta koma Juwana, kuma duk wata Juwana a Salvador ta rantse don ita aka yi. Abin ya ƙona wa Ɗanbaba rai ƙwarai.

"Haba Malam," in ji Bentu, "suna ne kawai ya goce."

"Sunan ne waƙar," in ji Ɗanbaba.

Daga nan ya bar wa Yahaya bayar da waƙa, shi sai ɗaukar kaya.

Wata ranar kasuwa suna tsakiyar hawan, wata mai tallan kifi ta gifta tana rera abarta. Budurwa ce haifaffiyar nan, ba ta jin Hausa ko ta sannu, amma tiryan-tiryan ta ce "Uwani". Ɗanbaba ya ja ya tsaya, gangar da suka ɗauko ta kusa danne Yahaya.

"'Yata," ya ce da harshen garin, "wa ya koya miki haka?"

"Wata tsohuwa ce a ƙauyenmu na masunta, Baba. Da ta ji muna cewa Juwana ta hau mu da faɗa. Wai karin na uwarta ne, kuma ba za mu ɓata mata suna ba."

Ya ce, "Tana nan da rai?"

Yarinyar ta gyara zaman kwandonta tana dariya. "Da rai? Da safen nan ta zage ni."