Motar Ƙarshe ta Baba Tsaf

Ƙofar ɗakin ruwa, inda ake gwada yoyon motoci, ta rufe a bayansu, famfunan suka buɗe baki gaba ɗaya. Ruwa ta sama, ruwa ta gefe, ruwa ta ƙasa, yana dukan sabuwar motar kamar ta yi masa laifi. Auta tana kujerar gefen direba da tocila a hannu. Baba Tsaf yana bayan sitiyari, ya sha sabuwar riga a ƙarƙashin rigar aiki, ƙamshin turarensa ya cika motar.

"Ke Auta, saki ranki," ya ce. "Yau yawo muka zo."

Yau ce ranarsa ta ƙarshe a masana'antar haɗa motocin. A sashen duba inganci kuwa, wanda zai yi ritaya shi ke duba motar ƙarshe, ya manna mata koriyar sitika da hannunsa, ya tuƙa ta daga ɗakin ruwa har bakin get, ma'aikata suna tafi. Daga can tirela za ta kwashe ta sai wurin masu saye. Tun ɗazu an taru a waje. Auta ta hango matarsa da 'ya'yansa, har da jikar nan da ya ishi kowa da hotonta.

Shi ya raɗa mata Auta, don ita ce ta ƙarshe da zai koya wa aiki. Ranar da ta zo, da takardar makaranta da takalmin aiki sabo fil, ta zaci na'ura za a ba ta. Ina! Wuni ta yi tana rufe ƙofofin mota, yana tsaye yana girgiza kai, har kafaɗarta ta yi tsami. Washegari ya shigo da ita ɗakin nan, ya karɓe tocilar ya kashe.

"A nan ba a yarda da ido," ya ce. "Hannu ake sawa."

Ya koya mata bin robar ƙofa da yatsa, da laluben ƙarƙashin kafet, da kusurwar but ɗin zuba kaya inda ruwa ke laɓewa. In wuri ya yi, sai ya ce "Tsaf!" ya buga cinya, daga nan sunan ya bi shi. Ranar da ta fara manna jar sitika, alamar mota ta faɗi gwaji, shugaban layin haɗa motoci ya zo ya yi mata tas a gaban mutane, wai yarinyar jiya za ta tsayar masa da aiki. Baba Tsaf kuwa kujera kawai ya jawo ya zauna a gaban motar har aka canza robar.

Ɗakin ruwa shi ne kaɗai wurin da ba mai jin hirarsu. A nan ya ba ta labarin zamanin da ake ɗaura gilashi da hannu, mazaje suna waƙa a kan layi, da abokansa da suka watse, wasu sun koma gona, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A nan ta yi kukan mahaifinta, satin da ta dawo daga zaman makoki. Bai ba ta haƙuri ba, ruwan kawai ya yi ta sake kunnawa har ta gama. Wallahi tana son tsohon nan.

Ya gama nasa gefen, ya miƙo hannu ya shafa ƙarƙashin kafet ɗin da ke gaban ƙafafunta.

"Tsaf!" Ya buga cinya, ya fara laluben aljihu.

Auta ta sunkuya, don hannunta ya riga ya saba. Yatsunta suka nutse cikin sanyi. Ta haska tocila: ruwa ne yake gangarowa siriri daga kusurwar gilashin gaba, ta bayan roba, soson ƙasa ya sha ya ƙoshi.

Ta san ciwon sukari ya daɗe yana cin yatsunsa. Ta gane ne ranar da ya riƙe kofin shayi mai tururi yana zuba labari, ko gezau bai yi ba. Ta kuma san abin da ruwan nan zai yi, wayoyi ne cunkus a wurin. Wata rana wani magidanci yana kan titi da iyalinsa, ana sheƙa ruwa, fitilu su ɗauke masa. Motar nan kuwa daga nan sai get, ba wanda zai sake taɓa ta. In ta yi shiru, Baba ya fita cikin tafi. In ta yi magana, a gaban matarsa da jikarsa za a ga ja a motarsa ta ƙarshe.

Ya ɓare koriyar sitikar. Famfunan suka fara lafawa.

"Baba." Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Akwai ruwa."

"Ruwa kuma? Ai ɗakin ruwa muke, 'yar nan." Ya yi dariya, sai ya ga fuskarta. "Ina?"

Ta kama hannunsa ta kai wurin, ta danna shi a kan soson. Ya tsaya yana jira, kamar mai sauraron waya. Ya ɗago hannun ya haska da tocila. Ruwa yana ɗiga daga yatsunsa.

"Ban ji komai ba," ya ce a hankali. Ya sake dannawa, ya sake dubawa. "Subhanallahi. Ban ji komai ba, Auta."

Ruwan ya tsaya cak. Ta bayan ƙofa suna jin hayaniyar mutane, wani yana gwada lasifika. Baba Tsaf ya juyo gare ta, idanunsa sun firfito.

"Motocin da na wuce da su fa? Watannin nan duk? Suna kan titi da mutane a ciki!"

"Ba ko ɗaya, Baba."

"Ke kika sani?"

"Ina bin bayanka." Ta sunkuyar da kai. "In ka tafi cin abinci, sai na zaga filin ajiye motoci na sake laluba su. Wadda na samu da ruwa, na roƙi masu gyara su canza robar, ba tare da an kai maganar ofis ba. Yau ce kawai ba ni da lokaci."

"Masu gyara ma sun sani ke nan."

Ta gyaɗa kai. Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu.

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Sannan ya ninke koriyar sitikar ta manne da kanta, ya sa a aljihu.

"Manna ja," ya ce. "A tsakiya, inda kowa zai gani. Gobe kuma ki je ofis ki faɗi komai, da bakinki, kafin wani ya riga ki."

Ta fita ta manna. Ƙofar ɗakin ta fara ɗagawa, tafi ya ɓarke tun kafin a ga komai. Baba Tsaf ya zare makullin, ya fito ya ajiye mata a tafin hannu, ya gyara wuyan sabuwar rigarsa.

"Ashe na daɗe da yin ritaya," ya ce, "ni kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Ya wuce ta gefen motar, ya nufi iyalinsa da ƙafa.