Saurin Saja Gaubert

Shekara ashirin da biyu Saja Gaubert ya yi yana koyar da fareti a barikin garinsu da ke kudancin Faransa, bai taɓa yarda soja ya yi gaggawa ba. A bazarar 1898 wani mai ɗaukar majigi, Anselme, ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin dandali. Kwana biyu kafin nan ya faɗo daga keke, kafaɗarsa ta kumbura, don haka da ƙyar yake juya mariƙin akwatin, a hankali kamar mai niƙa.

Ranar da aka haska hoton a zauren gari, sai ga sojojin Gaubert suna ta sauri kamar kajin da aka watsa wa tsaba. Saja ya sunkuyar da kai, yana jiran dariya. Amma wani Janar da ya zo daga Paris ya riga kowa tashi da tafi.

"Ga sojoji! Litinin zan zo in gani da idona."

Da aka watse, Gaubert ya shaƙo wuyan rigar Anselme a bakin ƙofa.

"Kai, gurgun banza, me ka yi wa yarana?"

"Saja, sakar mini kafaɗa! In na juya a hankali, hoton ne ke gudu. Je ka faɗa wa Janar mana."

"In ce masa akwati ya tafa wa?"

Kwana huɗu ya yi yana kora su a dandali, har mai ganga ya suma. Ran Litinin suka yi iya ƙoƙarinsu. Mutum uku suka yi karo, hular wani ta faɗa ƙarƙashin doki. Janar ya murza gashin baki.

"Wato sai kun ga akwati kuke zage damtse? Ni ban kai akwati ba ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Gaubert, gumi na bin wuyansa.

Aka tsare rundunar a bariki mako biyu. Hoton kuwa Janar ya sa aka zaga da shi barikoki goma sha ɗaya, da sunan Gaubert a jiki, don a yi koyi. Kafin kaka aka liƙa wa Gaubert lambar yabo. Wasiƙun sajoji suka yi ta zuwa, wasu na tambayar sirrin, yawancinsu zagi ne. Masu tambaya yakan amsa musu cewa horo ne kawai da haƙuri.